Haibirid mai caji tsakanin Kubwa da Jos: yaya take raba aiki tsakanin batir da fetur?

Mazaunin Kubwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota da ta wutar lantarki kafin in fitar da kuɗin da na daɗe ina tarawa. Ina zaune a Kubwa da ke Abuja, ina aiki a kusa da Sakatariyar Tarayya, tafiyar da ta kai kimanin kilomita 25 zuwa da wasu 25 dawowa, kuma iyayena suna Jos, saboda haka lokaci zuwa lokaci nakan ɗauki iyali mu bi ta Keffi da Akwanga. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, motar da nake hawa mai silinda shida ta zama nauyi a kan albashi, domin a cikin gari ba ta shan ƙasa da lita 12 a kowace kilomita 100.

Motar lantarki zalla ba ta kwanta mini a rai ba saboda doguwar tafiya, shi ya sa hankalina ya koma kan haibirid mai caji, wadda take da injin fetur kuma ake jona ta a soket. An nuna mini Toyota RAV4 Prime ta 2021 da aka shigo da ita daga Amurka, da wata Mitsubishi Outlander PHEV da ta ɗan kwana biyu, da kuma wata BYD daga ƙasar Sin. Wani dillali ya ce mini idan na saya na yi sallama da gidan mai, wani abokin aikina kuma ya ce ranar da batir ya ƙare a kan hanya motar za ta zama gawa. Na tabbata gaskiya ba ta tare da ko ɗaya daga cikinsu gaba ɗaya.

Abin da nake son fahimta shi ne yadda motar take yanke shawarar lokacin da za ta yi tafiya da lantarki da lokacin da za ta tayar da injin fetur, da abin da ke faruwa idan cajin ya ƙare, da kuma ko nisan da ake rubutawa a takarda yana tabbata a zafin Abuja da esi a kunne. Sannan ina son jin yadda take yi a Hawan Kibo, hawan dutsen nan da ke kan hanyar Jos, da kaya da yara a ciki. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan lantarki, Gwarinpa, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, zan fara da batun ƙarewar batir, domin idan ka fahimce shi sauran za su zo da sauƙi. Irin wannan mota tana da yanayi biyu na aiki. Idan ka fito da safe da cikakken caji, kwamfutar motar tana barin injin lantarki ya yi tafiyar shi kaɗai, cajin yana sauka a hankali har ya kai wani mataki da kamfani ya ƙayyade. Daga nan sai ta koma yanayi na biyu, inda take tayar da injin fetur, ta riƙa riƙe cajin a kusa da wannan mataki, yana ɗan hawa idan ka taka birki, yana ɗan sauka idan ka tashi daga tsayuwa, kamar yadda haibirid marar caji irin su tsohuwar Prius take yi. Sifilin da kake gani a gaban direba ba sifilin batir ba ne. Chevrolet Volt ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, tana da batir mai yunit 16, amma yunit 10 da 'yan kai kawai ake ba direba, sauran an ɓoye su a sama da ƙasa domin kare lafiyar batir da kuma ajiyar ƙarfi na gaggawa. Yunit ɗin da nake nufi shi ne dai wanda kake saya a mitar gidanka, wato kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Don haka maganar abokin aikinka ba ta da tushe: muddin akwai mai a tanki, motar tana tafiya.

Dalilin wannan tsari yana cikin halin injinan biyu. Injin fetur yana aiki da kyau ne a wani ɗan taƙaitaccen zagaye da nauyi, kuma ko mafi kyawun injinan Toyota na wannan zamani kashi 41 cikin ɗari na ƙarfin da ke cikin man suke mayarwa tafiya a lokacin da suka fi ƙwazo, saura ya tafi a zafi. A cikin cunkoso, inda ake tashi ana tsayawa, abin da ake samu ya yi ƙasa da haka nesa. Injin lantarki kuwa yana ba da cikakken ƙarfin juyawa tun daga tsaye, asararsa kimanin kashi goma ce, ba ya cin komai idan mota ta tsaya, kuma idan ka sassauta yana juyewa ya zama janareta ya mayar da wani ɓangare na gudun cikin batir. Abin da kwamfutar take ƙoƙarin yi a kowane lokaci shi ne kada ta tayar da injin fetur sai a inda zai yi aiki a yanayin da ya fi masa daɗi. Akwai abubuwan da kan tayar da shi ko da batir a cike yake: idan ka danne totur har ƙasa domin wuce babbar mota, idan gudu ya haura abin da lantarki zai iya riƙewa, wanda a RAV4 Prime kimanin kilomita 135 ne a awa, idan batir ya yi zafi fiye da kima, ko kuma idan injin ya daɗe bai tashi ba.

Motocin uku da aka nuna maka ba hanya ɗaya suke bi ba. Toyota tana amfani da wani haɗin giya da ke raba ƙarfin injin fetur gida biyu, wani ya tafi taya kai tsaye, wani ya juya janareta, kuma ana canza rabon ba tare da direba ya ji ba. Mitsubishi da BYD sun fi karkata ga barin injin lantarki ya ja motar, injin fetur yana gefe yana samar da wuta, sai an kai gudun babbar hanya sannan wani kuloci ya haɗa shi da taya. Bambancin yana fitowa ne bayan caji ya ƙare. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, RAV4 Prime tana shan kimanin lita 6.2 a kilomita 100 idan ta koma kan fetur, Outlander kuwa kimanin lita 9. Ga mai yawan zuwa Jos wannan adadi ya fi nisan batir muhimmanci, kuma shi ne wanda dillalai ba su cika ambatawa ba.

Game da nisa, ka tambayi wace ƙasa ce ta yi gwajin kafin ka yarda da lamba. RAV4 ɗin nan mai batir na yunit 18.1 an ba ta kilomita 68 a Amurka, amma ita ɗin dai an ba ta kilomita 75 a gwajin Turai, kuma gwaje-gwajen da ake bugawa a takardun motocin Sin sun fi waɗannan biyun sassauci. Outlander mai batir na yunit 12 kilomita 35 kawai Amurkawa suka ba ta tun tana sabuwa. Esi yana cin tsakanin kilowat ɗaya zuwa biyu a rana mai zafi, wanda ke nufin awa guda a cunkoso za ta iya cinye maka kilomita biyar zuwa tara ba tare da ka je ko'ina ba. Gudu ma yana da nasa haraji, domin turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, saboda haka mai gudun 120 a titin Kubwa ba zai ga nisan da mai gudun 80 yake gani ba. A ganina kilomita 50 ɗinka za su shiga cikin cajin RAV4 mai lafiyayyen batir, ko da a watan Maris ne sai dai injin ya ɗan tashi dab da gida, amma tsohuwar Outlander za ta kai ka ofis ne da lantarki ta dawo da kai da fetur.

Yanzu ga lissafin da nake roƙon ka zauna da shi. RAV4 Prime tana jan kimanin yunit 22 daga soket domin tafiyar kilomita 100, tafiyar da za ta yi da lita 6.2. Ke nan yunit uku da rabi ne suke maye gurbin lita ɗaya. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kan yunit, daga baya ya tsaya a naira 209.5 a watan Yulin 2024. A wannan farashi yunit uku da rabi sun kama kimanin naira 730. Idan muka ɗauka lita tana naira 900, kuma kowa ya sa farashin da ya tarar a gidan mai, ribar caji a kilomita 100 ba ta wuce naira dubu ɗaya da kaɗan ba. Babban sauƙin da za ka samu yana cikin sauka daga lita 12 zuwa lita 6, kuma haibirid marar caji ma za ta ba ka wannan sauƙi da kuɗin saye mafi ƙanƙanta. Soket ɗin yana biyan kansa ne idan wutarka ta fi ta rukunin A araha kuma tana zama da dare, ko kuma idan kana da sola.

Malamar kimiyya, Jos, ta amsa:

Assalamu alaikum. Injiniya ya yi bayanin da ba na jayayya da lambobinsa, amma ina ganin lissafin naira kaɗai bai kama duk abin da ke cikin maganar ba, kuma tun da Outlander nake hawa a nan Jos, kuma Hawan Kibo hanyata ce, bari in ɗauki wannan ɓangare.

Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, Abuja kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma kaso mai yawa na wannan bambanci ana hawansa ne a cikin ɗan gajeren zango kafin a iso Riyom. Mota mai nauyin kilo 2,200 da mutane da kaya, idan za a ɗaga ta mita 700, tana buƙatar kimanin yunit huɗu na ƙarfi a kan abin da tafiyar kanta take ci. Wannan lissafin aji ne, nauyi sau tsayi sau jan ƙasa, kuma ba ya canzawa ko da wace irin mota ce. Ƙari a kan haka, iskar da ke wannan tsayi ta fi ta bakin teku sirantaka da kimanin kashi goma cikin ɗari, don haka injin fetur marar tabo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, yana rasa kusan wannan kaso na ƙarfinsa, alhali injin lantarki bai san an hau tudu ba.

Abin da wannan yake nufi ga ɗan'uwa mai tambaya shi ne kada ya bar motar ta cinye cajinta a farkon tafiya. Idan ka fito daga Kubwa ka bar ta a kan zaɓinta, za ta yi amfani da lantarki har ya ƙare kafin ka kai Keffi, sannan ka iso gindin hawan da ɗan ajiyar da kwamfuta take riƙewa kawai. Motar za ta hau, babu shakka a kan haka, sai dai injin zai yi ta kuka da ƙarfi, kuma idan ka so wuce tirela a tsakiyar hawan ba za ka samu kuzarin da ka saba ji ba. Motocin nan suna da maɓallin da ke ajiye caji, a tawa an rubuta Save a kansa, a Toyota kuma zaɓin HV ne yake yin wannan aiki. Tsarin da nake bi shi ne in yi amfani da lantarki a cunkoson Nyanya da Mararaba, inda fetur yake ƙonewa a banza, da zarar hanya ta buɗe in danna ajiya in bar injin fetur ya yi aikin da ya fi iyawa har Akwanga da gaba, sannan in iso hawan da rabin caji ko fiye. A nan ne ake jin amfanin injinan biyu tare, domin fetur yana riƙe da tafiya, lantarki yana ƙara masa a duk kwanar da ta buƙaci ƙari.

A dawowa kuma sai a juya tsarin. Batir da ya cika ba ya karɓar wutar da birki yake mayarwa, saboda haka wanda ya iso kan gangaren da cikakken caji ya yi asara biyu, bai tara komai ba kuma ya ɗora dukkan nauyin motar a kan birkin ƙafa, a hanyar da kowa ya san tarihin haɗurranta. Ina kashe cajina daga cikin gari zuwa Bukuru da Riyom domin in samar masa wuri, sannan in ƙara ƙarfin riƙon injin lantarki da 'yan maɓallan da ke bayan sitiyari, waɗanda a Outlander suke da matakai daga B0 zuwa B5. Ba duka yunit huɗun nan ne suke dawowa ba, iska da taya da zafin waya suna cin rabonsu, amma abin da ya dawo yana kai ni wani zango mai kyau ba tare da injin ya tashi ba, kuma birkina ba ya wari a ƙasan dutsen. Wannan natsuwa ba ta shiga lissafin naira, amma uwa mai yara a bayan mota ta san darajarta.

Na yarda da Injiniya cewa tawa tana shan mai a babbar hanya fiye da Toyota. Amma zirga-zirgata ta yau da kullum a cikin Jos gajera ce, daga gida zuwa makaranta zuwa kasuwar Terminus, kuma a irin wannan rayuwa sai mako ya wuce injin bai tashi ba. Abu ɗaya da ya keɓanta da garinmu shi ne sanyin hunturu. A wasu daga cikin motocin nan, idan ka kunna hita da asuba a watan Disamba ko Janairu, injin fetur ne yake tashi ya samar da ɗumin, ko da batir a cike yake.

Makanike a Apo ya amsa:

Salamu alaikum. Ranka ya daɗe mai tambaya, ni abin da ake kawo mana gareji zan faɗa maka, domin yawancin matsalar motocin nan ba daga injin take farawa ba, daga bangon gida take farawa.

Motar da ta fito daga Amurka tana zuwa da wayar caji da aka yi domin wutarsu mai ƙarfin bolt 120, mu kuwa tamu 230 ce. Cajar da ke cikin motar kanta tana karɓar duka biyun, amma akwatin da ke jikin wayar ba lallai ya karɓa ba, kuma wanda ya sa masa adafta ya jona a soket ɗinmu ba tare da ya karanta abin da aka rubuta a bayansa ba yana iya ƙone shi nan take. Bakin cajin ma kala-kala ne, na Amurka da Japan daban, na Turai daban, na Sin daban, don haka ka tabbata wayar da ta dace da motar da wutarmu tana hannunka kafin ka biya kuɗi. Sannan wayar ba za ta yarda ta saki wuta ba idan gidan ba shi da wayar ƙasa mai kyau, kuma gidajen haya da yawa ba su da ita. Kada ka bari wani ya yi maka dabarar da za ta yaudari akwatin. A soket na gida ana jan kimanin amfiya 10, wato kilowat 2.3, wanda zai ɗauki awa shida zuwa bakwai kafin ya cika RAV4, kuma wannan jan ba ya hutawa. Soket mai arha ko wayar ƙari ta kasuwa za su yi zafi su narke. A ja wa motar layinta daga allon fis da waya mai kauri da abin kariya daga hauhawar wuta.

Batun batir kuma, kada ka saya sai an sa kwamfutar gwaji an karanta lafiyarsa, sannan a caje shi ya cika ka tuƙa da kanka har injin ya tashi, ka ga kilomita nawa ya ba ka. Kamfanoni kan ba da garantin shekara takwas ko kilomita 160,000 a kan batir, wasu fiye da haka, amma garantin ba ya biyo motar da aka sayo a gwanjo ta tsallako teku. Ka bincika ko ruwa ya taɓa cinye ta a can, domin motar ambaliya mai babban batir haɗari ce ba ragi ba. Zafi ne babban abokin gabar batir, saboda haka inuwa a wurin ajiye mota a ofis tana da amfani fiye da yadda ake zato.

Akwai ƙaramin batir na bolt 12 kamar na kowace mota, kuma shi ne yake tayar da kwamfutar. Idan ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban a cike yake, kuma sau da yawa wanda ya zo a firgice yana cewa batir ɗinsa ya lalace wannan ƙaramin ne kawai. Man da ya daɗe a tanki yana lalacewa, shi ya sa za ka ga motar ta tayar da injin da kanta bayan wani lokaci, Volt ma duk bayan mako shida take yin haka idan bai tashi ba. Ba lalacewa ba ce, a bar ta ta gama. Baƙin mai kuma ana canza shi bisa lokaci ko da injin bai yi tafiya mai yawa ba. Wayoyi masu ruwan lemo da za ka gani a ƙarƙashin bonet suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 300, kada ka bar yaron da bai koyi aikin ba ya kai hannu wurin.

Mazaunin Kubwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Injiniya da Malama da Maigida na Apo, Allah ya ƙara sani. Layinmu ba ya cikin rukunin A, yunit ɗinmu ya fi araha sosai, amma wutar ba ta da tabbas da dare, wani lokaci a kawo ta da rana ina ofis a ɗauke kafin in dawo. Ina da janareta na fetur mai ɗan girma, kuma ina da sola da inbata da suke riƙe mana fitilu da fanka da firji. Shin zan iya dogara da ɗaya daga cikinsu domin cajin motar a daren da babu wuta? Sannan na ga akwai maɓallin da ke sa injin motar ya caja batir ɗinta da kansa, shin wannan ba zai wadatar ba?

Injiniyan lantarki, Gwarinpa, ya sake amsawa:

Malam, janareta ka cire shi daga lissafi. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da kimanin yunit tara na ƙarfi, amma ƙaramin janareta na gida ba ya fitar da yunit biyu daga cikinta, alhali mun ga motar tana buƙatar yunit uku da rabi kafin ta maye gurbin lita guda. Za ka ƙona kusan lita biyu a tsakar gida domin ka tsirar da lita ɗaya a hanya. Gara ka zuba man a tankin motar. Maɓallin da ke sa injin ya caja batir ya fi janareta dama, amma shi ma asara ce idan aka mai da shi al'ada, domin duk lokacin da aka juya fetur ya zama wuta, aka ajiye, aka sake fitarwa, ana zubar da wani kaso a kowane mataki. Amfaninsa yana a irin halin da Malama ta bayyana, idan ka doshi Hawan Kibo babu caji kuma kana son ajiyar ƙarfi.

Sola ita ce amsa mai kyau, amma ba wadda kake da ita yanzu ba. Kilomita 50 a rana suna buƙatar kimanin yunit 11. Da irin ranar Abuja, wadda ke ba da abin da ya kai awa biyar na cikakken haske a matsakaici, kana buƙatar ƙarin faranti na kimanin kilowat uku domin motar kaɗai, kuma damina za ta rage abin da suke bayarwa. Matsalar da ta fi wannan ita ce lokacin da rana take bayarwa motarka tana Sakatariya, don haka sai ka tara yunit 11 a batiran gida ka juye su cikin motar da dare, wanda ke nufin batiran gida masu girma kusan na motar kanta da inbata da zai riƙe kilowat 2.3 na awanni ban da kayan gida. Idan wurin aikinka zai yarda a ja maka soket mai mita a wurin ajiye motoci, wannan ya fi duk waɗannan araha.

Ina dagewa a kan wannan ne saboda an riga an ga abin da ke faruwa a ƙasashen da wuta ba ta yankewa. Cibiyar binciken sufuri ta ICCT tare da cibiyar Fraunhofer ta Jamus sun fitar da bincike a 2022 a kan haibirid masu caji a Turai, suka gano cewa masu motocin kansu suna shan lita 4 zuwa 4.4 a kilomita 100, motocin kamfani kuwa lita 7.6 zuwa 8.4, alhali takardar gwaji tana cewa ƙasa da lita 2. Babban dalilin shi ne rashin caji, musamman ga waɗanda kamfani yake biya wa kuɗin mai. Motar da ba a caja ta tana ɗauke da nauyin babban batir a banza. Ba baƙon abu ba ne a gare mu mu yi tunani a kan wannan fasaha, tun da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ne ya zana siffar samfurin farko na Volt a General Motors kafin ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, NADDC, a 2017, kuma a zamaninsa aka kafa tashar cajin sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021. Amma tashar jami'a ba za ta caja motar da ke kwana a Kubwa ba.

Shawarata ita ce kafin ka koma wurin dillali ka ɗauki wata guda kana rubuta awannin da wuta take zama a gidanka tsakanin ƙarfe tara na dare da shida na safe. Idan a mafi yawan darare kana samun awa biyar zuwa bakwai, ko da a rarrabe ne, tun da yawancin motocin suna ci gaba da caji da kansu idan wuta ta dawo, to a farashin rukuninku RAV4 Prime za ta rage maka kuɗi sosai, kuma tankinta mai lita 55 zai kai ka Jos ya dawo da kai ba tare da ka tsaya gidan mai ba. Idan kuwa darare biyu ko uku ne kawai a mako, ka nemi RAV4 ko Camry haibirid marar caji, ka sa ragowar kuɗin a faranti da batiran gidanka.